Noti ɗaya a ƙarƙashin allo

Yau bayan la'asar na gama haɗa sabuwar kwamfutata a ɗakina da ke Samaru, amma da na danna maɓalli sai fanka ta juya na daƙiƙa 2 ta tsaya, sikirin kuma bai nuna komai ba. Na sake zaunar da ram, wato ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi, na duba wayar wuta mai fil 24 da mai fil 8 ta furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na cire ƙaramin batirin babban allon da ake jona sassan kwamfutar a kansa na mayar, duk a banza. Har na fara shirya maganar da zan faɗa wa mai shagon Sabon Gari da ya sayar mini da babban allon, domin na riga na yanke cewa mataccen kaya ya ba ni.

Kafin in fita, na ciro allon daga akwatin kwamfutar na ɗora a kan kwalinsa, na haɗa filolin kunnawa biyu da bakin sukuddireba, sai ya tashi lafiya lau. A cikin akwatin na tarar da notin tagulla guda da na ɗaura inda allon ba shi da huda, yana gogar bayansa yana haɗa wuta. Har yanzu kunyar mutumin nake ji, alhali bai san na zarge shi ba.