Camry 'Yar 1999 da Famfon Ruwan da Na Ƙi Canjawa

Motar da na saya Toyota Camry ce 'yar 1999, wadda ake ce wa fensir saboda siririyar fitilar bayanta, mai inji 5S-FE lita 2.2 da giya otomatik. Shekara biyu ta yi a ajiye a gindin darbejiya a wani gida a nan Kano, ganye ya toshe magudanan ruwan da ke ƙasan gilashin gaba, tayoyi huɗu duk sun tsattsage, ɓeraye sun ci wayoyi biyu kusa da batir. Ba wannan ne ya dame ni ba. Jikinta bai ruɓe ba, ba alamar an taɓa miƙe ta bayan hatsari, kuma kayan wannan injin ba sa wuya a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa.

Ban yi mata ki ba ranar farko. Na cire fulogai, na ɗiga baƙin mai kaɗan a kowace silinda, na bar shi ya kwana, washegari na juya injin da hannu ta notin fulin ƙasa da soket mai lamba 19. Ya juya sumul. Na zubar da tsohon fetur da ya koma warin fenti, na wanke tanki, na canja fil-fam da matatarsa. Da na auna matsin silindoji, dukkansu sun haura 160 psi (ma'aunin matsin iska), alhali mafi ƙanƙantar da ake yarda da shi a wannan injin 142 ne. A nan raina ya kwanta, kuma kwanciyar ran nan ce ta sa na yi sakaci daga baya.

Sauran ƙananan ayyuka sun tafi yadda ake so: burkin baya da ya cije, bushin, gaskit ɗin murfin sama da ke zubo mai a ramin fulogi. Abu biyu dai zan ambata saboda mutane na yawan kuskurensu. Baƙin mai lita 3.6 injin ke sha har da filta, ba a juye masa galan mai lita 4 gaba ɗaya. Sannan giyabos ɗin wannan motar, A140E, yana da ma'ajiyar mai biyu. Wanda ake gani da sandar awo daban, wajen lita 2.5 ke fita idan an kwance noti, na difransha kuma daban, wajen lita 1.6, da nasa notin cikawa a baya. Dukkansu Dexron III ne. Nawa difranshan na same shi saura kaɗan ya ƙafe, don ba alamar wani ya taɓa sanin yana nan.

Sai taimin bel, bel ɗin da ke daidaita juyin kiranshaf da kamshaf mai buɗe bawul. Tun da ba wanda ya san yaushe aka canja shi, na buɗe. Ana cire tayar gaba ta dama, a tallafe injin da jak da katako a ƙarƙashin kaskon mai, a kwance kujerar injin ta wannan ɓangaren, a cire bel ɗin altaneta da na sitiyari, sannan fulin ƙasa. Na sa sabon bel, sababbin fuli biyu na jan bel, sil na kamshaf, sil na kiranshaf, da sil da robar famfon baƙin mai, domin wannan famfon sananne ne da yoyo a 5S-FE, kuma bel ɗin ne ke juya shi. Duk wannan na yi. Famfon ruwa kuwa, wanda makanikai ke ce wa wata-fam, yana nan gabana, bel ɗaya ke juya su, hannuna a kansa. Na juya fulinsa, ba ƙara, ba girgiza, ramin yoyonsa a bushe. Na ce lafiyarsa lau, na bar shi, na mayar da komai.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, daga waje beyarin da sil kawai kake gwadawa. Fuka-fukan da ke tura ruwa suna ciki, ba ka ganinsu sai ka cire famfon. Kuma shaida tana gabana tun ranar farko: ruwan da na zubar daga lagireto ja ne kamar ruwan kududdufi. Ruwan rijiya aka yi ta zuba mata shekara da shekaru, sannan ya zauna shekara biyu yana cin ƙarfe. Na ɗauraye lagireto da tiyo har ruwan ya yi fari, na ɗauka magana ta ƙare.

Akwai abin da ya ƙara rufe mini ido. An cire tamostat, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya yi zafi, kamar yadda aka saba yi wa motoci da yawa a nan da sunan wai ƙasarmu da zafi, an kuma mayar da fanka dairek. A wannan Camry ba sai an yanka waya ba, zare soket ɗin suwic ɗin da ke ƙasan lagireto kawai ake yi, fankoki su kama aiki daga kunna mota. Da babu tamostat, ga fanka ba hutu, ɗan ruwan da famfon ke iya turawa ya isa zirga-zirgar cikin gari. Sati uku ina yawo, allurar zafi ba ta ko kai rabi ba. Na ɗauka alamar lafiya ce, ashe ciwon aka lulluɓe.

A watan Afrilu, da rana tsaka, da mutum biyar da kaya da esi a kunne, na hau titin Zariya. Kafin Kwanar Ɗangora allura ta haura, ta kusa ja, sai kuma ta sauko da kanta. Saukowar nan ita ce ta yaudare ni na ƙara tafiyar wasu mintuna. Allura ba ta sauko don injin ya huce ba, ruwan ne ya tafasa ya fice, abin aunawar ya koma yana auna iska. Sai da ƙarfin mota ya ragu, injin ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, na tsaya. Da allura ta haura, a kashe esi a sauka gefe a kashe inji nan take, ko da ta sauko. Ni ban yi ba.

Janyo ta aka yi zuwa gida. Washegari na cika ruwa, na bar murfin lagireto a buɗe, na tayar: kumfa na ta tasowa ba tsayawa, farin hayaƙi ta salansa, ƙarƙashin murfin baƙin mai kamar kunun gyaɗa. Gaskit ɗin top, wato kan injin da ke rufe silindoji, ya ƙone tsakanin silinda ta 2 da ta 3. Da na cire famfon ruwan sai na ga fuka-fukansa tsatsa ta cinye, saura guntaye, yana juyawa ne kawai a banza. Noti 'yan kaɗan ne suka raba ni da ganin wannan ranar da na canja bel, kuma kuɗin sabon famfo bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na kashe bayan nan ba.

Cire top a gida yana yiwuwa, amma akwai wuraren da ba a gaggawa. Sai an cire kamshaf biyu kafin a kai ga notocin top guda 10. Kamshaf na ɓangaren hayaƙi yana da giya mai hawa biyu da sifirin a tsakani, dole ka ɗaure su da ƙaramin noti mai kauri milimita 6 kafin ka ɗaga shi, in ba haka ba sifirin ya kwance, ka mayar injin ya riƙa ƙara. Kofunan bawul 16 da shim ɗinsu kowane da gurbinsa, ni a kwalin ƙwai na jera su na rubuta lamba. Top ɗin alminiyom ne a kan bulok na ƙarfe, shi ya sa shi ke fara lanƙwasa idan zafi ya yi yawa. Iyakar lanƙwasar da ake yarda da ita milimita 0.05 ce, nawa ya wuce, sai da na kai wa masu injin gogewa, na kuma sa suka gwada ko ya tsage. Alhamdu lillahi bai tsage ba. Wajen mayarwa, a busar da ramukan noti sarai, don ruwa ko mai da ya kwanta a ciki yana hana noti zama daidai. Ana ɗaurewa daga tsakiya zuwa waje, a hankali zagaye bayan zagaye har 49 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), sannan a ɗiga wa kowane noti fenti a ƙara masa kwata na juyi, digiri 90. Wannan ba aikin ƙiyasi da ƙarfin hannu ba ne, a nemo sifana mai awo ko da aro ne. Notin fulin ƙasa kuma 108 Nm.

Bel ɗin da na sa sati uku da suka wuce sai da na sake cire shi, aikin da na riga na yi na maimaita shi tun daga cire taya. Wannan ne ya fi ci mini rai, fiye da kuɗin ma.

A karo na biyu na yi abin da ya kamata in fara da shi. Sabon famfo da gaskit da robarsa. Sabon lagireto, don tsohon rabin bututunsa a toshe yake da tsatsa, tankinsa na roba kuma ya dafe. Sabon murfin lagireto mai lambar matsi 0.9, sababbin tiyo sama da ƙasa. Na mayar da tamostat mai buɗewa a digiri 82, bayan na jefa shi a tukunyar ruwan zafi na ga ya buɗe da idona, ɗan bawul ɗinsa na fitar da iska yana kallon sama. Na mayar da soket ɗin fanka, yanzu sai zafi ya kai wajen digiri 93 take tashi, ta yi aikinta ta tsaya. Ruwan sanyaya injin mai launin ja rabi, tataccen ruwa rabi, wajen lita 7 duka, na bar injin yana aiki murfi a buɗe har iska ta gama fita. Baƙin mai sau biyu na canja shi a kusa-kusa saboda ruwan da ya shiga.

Wani abin da ban zata ba, shan fetur ya ragu. Injin da ba shi da tamostat ba ya kai zafin aikinsa, kwamfutar motar sai ta ɗauka har yanzu safiya ce ta yi ta ƙara mai. Yanzu allura na hawa zuwa ƙasa da rabi kaɗan cikin 'yan mintuna, ta tsaya nan ko a cunkoson Kurna ko a kan babban titi. Na sake bin hanyar Zariya sau huɗu tun daga lokacin, har yau in na doshi Kwanar Ɗangora idona na kan allurar.