Nazarin Amurka a Digirin Farko: Ka Riƙe Tambaya Ɗaya Tun da Wuri

Ƙannena maza da mata, fannin da ake kira Nazarin Amurka, wanda Jami'ar Michigan ke kira Al'adun Amurka, yana da tarkon da ba a rubuta shi a takardar neman shiga: ana sakar wa ɗalibi mara fiye da kima. Mai karanta injiniya an jera masa kwasa-kwasansa tun daga ajin farko har na huɗu. Kai kuwa za a ce ka ɗebo daga tarihi, adabi, siyasa, ilimin zamantakewa, addini, fim da kiɗa, duk inda ranka ya so. Ni na ɗebo ko'ina, har na shiga shekara ta uku da ilimi tsibi-tsibi, babu zaren da ya ɗinke shi. Daga wannan kuskuren sauran suka fito.

Fara da lissafi. A yawancin jami'o'in Amurka digirin farko kiredit 120 ne a shekara huɗu (kiredit ma'aunin nauyin kwas ne), kwas ɗaya kiredit 3, wato kwas biyar a kowane zango. Wasu jami'o'in kwas suke ƙirgawa kai tsaye. Cikin kwas kusan arba'in ɗin nan, na fanninka ba su cika wuce goma zuwa sha biyu ba. Saura darussan gama-gari ne na dole da waɗanda ka zaɓa don kanka. Saboda haka kowane gurbi yana da tsada. Galibi ana son ka bayyana fanninka kafin ƙarshen shekara ta biyu, amma kada ka jira wa'adin. Tun zangon farko ka karɓi takardar sharuɗɗan sashen, ka zauna da malamin da ke ba ɗalibai shawara, ka yi masa tambaya uku: kwas nawa ne dole su zama na manyan aji, masu lamba 300 da 400, wane kwas ne sau ɗaya kawai ake koyar da shi a shekara, kuma kwas nawa aka yarda a ƙirga maka sau biyu idan ka haɗa da wani fanni.

Tambaya ta biyun ce ta fi cizo. Kusan kowane sashe yana da kwas na dabarun bincike, wanda kan iya zama cikin masu zuwa sau ɗaya a shekara, kuma sau da yawa sai ka ci shi ake barinka shiga taron nazari na shekarar ƙarshe. Na ɗage shi saboda sunansa ba ya jan hankali, sai ya zo ya ci karo da wani kwas na dole a awa ɗaya. Irin wannan karo yana iya ƙara wa mutum zango guda cur, da kuɗin makarantarsa. Ka yi shi a shekara ta biyu.

Yanzu maganar zaren. Kada ka ce "ina sha'awar baƙar fatar Amurka". Wannan teku ne. Ka riƙe tambayar da za a iya amsawa, misali: me ya sa wasu unguwannin Detroit suka talauce alhali birnin ya taɓa zama cibiyar ƙera motoci? Da zarar ka riƙe ta, kwasa-kwasai da kansu za su jeru. Tarihi zai ba ka Babbar Ƙaura, lokacin da baƙar fata kusan miliyan 6 suka bar Kudu zuwa biranen Arewa da Yamma daga wajen 1910 zuwa 1970. Tarihin ƙwadago zai ba ka albashin dala 5 a rana da kamfanin Ford ya sanar a 1914. Ilimin birane zai ajiye maka taswirorin da wata hukumar lamunin gidaje ta gwamnatin tarayya ta zana a shekarun 1930. Ka buɗe ɗaya ka gani da idonka, Jami'ar Richmond ta ɗora su a intanet kyauta: unguwa kore, unguwa shuɗiya, unguwa rawaya, unguwa ja, daga daraja A zuwa D, kuma a birane da dama kowace unguwa da takardar da ma'aikaci ya cike yana bayyana launin fata da asalin mazaunanta a matsayin dalilin haɗarin ba da bashi. Bayan ka ga wannan, tarzomar da ta ɓarke a Detroit a 1967 ba za ta zo maka kamar daga sama ba, waƙoƙi da littattafan birnin ma za ka karanta su da wani ido. Abin da ake nufi da haɗa fannoni ke nan, fanni huɗu a kan matsala ɗaya.

Akwai giɓin da ɗalibin da ya zo daga waje yake da shi, kuma kunya kan hana shi faɗa. Abokan ajinka sun sha tarihin ƙasarsu tun firamare, malami kuma zai ambaci abu ya wuce. Na tsallake kwas na shimfiɗar tarihin Amurka don na ga na 'yan ajin farko ne, na yi ta lalube a manyan aji. Kwas ɗin kashi biyu ne, ana raba shi a 1865 ko 1877. Ka yi duka biyun. Aƙalla waɗannan su zauna maka daram: dokar korar 'yan asalin ƙasa daga filayensu ta 1830, yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, gyaran tsarin mulki na 13 da ya haramta bauta da na 14 da ya ba da zama ɗan ƙasa a 1868, dokar hana 'yan Sin shiga ta 1882, dokar 'yancin jama'a ta 1964, sai dokar zaɓe da dokar shige da fice, duka na 1965.

Karatun yana da yawa, a manyan aji kwas ɗaya kan kai shafi ɗari a mako. Wanda ya ce sai ya bi kowane layi kamar mai hadda zai nutse tun mako na huɗu. Ka karanta gabatarwa da kammalawa a tsanake, ka rubuta da'awar marubuci a jimla ɗaya, sannan ka duba bayanan ƙasan shafi don ka ga da wace shaida ya tsaya. Rubutu ma haka yake. Maimaita abin da malami ya faɗa ba ya kawo maki mai kyau; ana son ka kafa da'awarka a sakin layi na farko, ka kare ta da shaida. Duk jimlar da ka aro, ko ka sauya mata kalmomi, ka nuna mai ita, domin satar rubutu tana iya kai mutum ga faɗuwa kwas ko kora. Yin magana a aji ma yana da nasa maki, shirun ladabi ba a ƙirga shi.

Kuna da wani jari da yawancin abokan ajinku ba su da shi, ni kuma ban taɓa nawa ba sai da lokaci ya ƙure. Wanda ya yi allo yana iya karanta tarihin rayuwar da Umar ibn Sa'id, Bafulatanin Futa Toro da aka bautar a Karolina, ya rubuta da Larabci a 1831. Rubutun hannunsa yana Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, kuma an ɗora hotonsa a intanet. Akwai Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta Borno, wanda ya yi soja a runduna ta 55 ta Massachusetts a yaƙin basasa, aka buga tarihinsa a Memphis a 1873. Wanda ya san yadda ake kiran sarautu da garuruwan Borno zai ga abin da wani ba zai gani ba a shafukan nan. Haka nan Laburaren Majalisar yana da hirarraki sama da 2,300 da aka yi da tsofaffin bayi daga 1936 zuwa 1938. Ka karanta su kana tuna cewa yawancin masu tambayar farar fata ne, a Kudu, kuma tsoho ba ya faɗa wa kowa komai.

Idan kundin kammala digirinka zai ƙunshi hira da mutane, ka tambayi kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a kafin ka kunna rikoda. Na yi gaggawa, hirarrakin farko ba su shiga kundin ba. Amincewar tana iya ɗaukar makonni, don haka a nema tun ƙarshen shekara ta uku, lokacin da za ka nemi malamin da zai duba aikin.

Mai bizar ɗalibi ta F-1 kuma yana da nasa lissafin. Dole kiredit 12 a kowane zango, kuma kwas ɗaya tak na intanet ake ƙirgawa a ciki. Kada ka janye daga kwas ɗin da zai sauko da kai ƙasa da 12 sai ofishin ɗaliban waje ya amince tukuna. Aiki a harabar makaranta awa 20 ne a mako lokacin karatu. Bayan kammalawa izinin yin aiki da ake kira OPT wata 12 ne, ƙarin wata 24 da ake ba masu kimiyya da fasaha bai shafi wannan fanni ba, kuma aikin dole ya danganci abin da ka karanta. Ana iya nema tun saura kwana 90 ka gama, zama babu aiki kuma ba zai wuce kwana 90 ba a cikin shekarar. Don haka cikin guraben zaɓin kanka ka ware uku ko huɗu ga sana'ar da za ka iya nunawa: zana taswira da kwamfuta, ƙididdiga, adana tsofaffin takardu, ko aikin jarida. Ka kuma nemi horon aiki a gidan tarihi ko laburare a hutun bazara na shekara ta biyu ko ta uku, da izinin CPT, wato izinin horon aiki kana cikin karatu, a rubuce a kan I-20, takardar da jami'a ke ba ɗalibin waje, kafin ranar da za ka fara.