Godiya Ga Duk Waɗanda Suka Taya Mu Ranar Asabar

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, zaman kimiyyar da muka shirya wa yaran unguwarmu a Anguwan Rogo da ke Jos ya gudana lafiya. Yara 34 suka zo duk da sanyin safiyar, kowa ya koma gida da curin baƙin danƙonsa a leda. Tun daren nan nake son in rubuto, gajiya ce ta hana.

Ga waɗanda ba su samu zuwa ba, danƙo mai bin maganaɗisu muka haɗa. Rabin kofin farin gam irin na kafintoci, a tsinka shi da rabin kofin ruwa, a zuba garin ƙarfe cokali 2, sai a riƙa ɗiga ruwan boraks (wani farin garin sinadari mai kama da gishiri) ana juyawa. Ƙaramin cokali ɗaya na boraks ya ishi kofin ruwan ɗumi. A cikin gam akwai dogayen zaruruwa da ido ba ya gani, boraks ne ke ƙulla su da juna, shi ya sa yake barin tsinkewa ya koma yauƙi kamar miyar kuɓewar da ta yi kauri. Garin ƙarfen kuwa a tsakanin zaruruwan yake maƙalewa, in maganaɗisu ya ja shi sai danƙon gaba ɗaya ya biyo.

Godiyata ta farko ga Malama shugabar Islamiyyarmu, da ta ba mu aji biyu da tabarmi ba ta karɓi ko sisi ba. Sai maƙwabcinmu mai walda, wanda ya yi kwana uku yana tara mana garin da ke zuba ƙarƙashin injin gurza ƙarfe, har da tankaɗewa. Boraks kuma wajen wani maƙerin zinariya muka samo, ashe da shi suke aikin narka ƙarfe. Allah Ya yi wa sana'o'inku albarka.

Ƙanena mai gyaran kwamfuta a wajajen Terminus, kai ka fitar da ni kunya. Daren Juma'a na gwada da irin maganaɗisun da ake manna wa firji, danƙon ko gezau bai yi ba, hankalina ya tashi. Da sassafe sai ga shi da maganaɗisu shida da ya ciro daga ma'adanar bayanai ta matattun kwamfutoci. Waɗannan na wani ƙarfe ne da ake kira niyodimiyam, ƙarfinsu ya fi na firji nesa ba kusa ba. Da muka kara ɗaya kusa da faranti, danƙon ya miƙo wuya a hankali, ya lulluɓe shi har ya haɗiye. Ihun da yaran suka yi, na tabbata an ji shi har bakin titi.

Amma wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne Baba, kakan ɗaya daga cikin ɗalibaina, wanda ya yi ƙuruciyarsa a aikin kuza. Ba mu gayyace shi ba, jikarsa ce ta ba shi labari, ya zo da baƙin yashi a gwangwani daga wajajen Bukuru. Ya bi kan yashin da maganaɗisu, wasu ƙwayoyin suka tashi, wasu suka zauna. Ya ce wa yaran kuza ba ta bin maganaɗisu, shi ya sa masu sarrafa ta ke amfani da injin maganaɗisu su ware ta daga kolumbait da sauran ma'adinai. Yaran da aka haifa a garin kuza, yawancinsu ran nan suka fara jin haka. Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Iyaye mata da suka tsaya kan wankin hannu da rabon kunun gyaɗa, na gode ƙwarai. Waɗanda kayan 'ya'yansu suka yi baƙi kuma, a yi min afuwa, laifina ne da ban ce a zo da tsofaffin kaya ba.

Roƙona ga iyaye: danƙon ba na kai wa baki ba ne, a nisanta shi da masu rarrafe, a wanke hannu bayan wasa. Ban bar kowa ya tafi da maganaɗisu ba, domin haɗiye irin waɗannan na iya huda hanji. In danƙon ya fara ja bayan 'yan kwanaki, tsatsa ce, a zubar a shara.

Akwai kular abinci shuɗiya da aka manta a aji, tana wurin Malama.