Mai shakkar rigakafi: abin da za ka duba a kwalba, da inda za ka kai kukanka

Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar gidan dagaci ranar da ma'aikatan rigakafi suka shigo gari ya san tambayar da ake fara jefo musu: "Me ya sa ake bin mu har gida da allura kyauta, amma in zazzaɓi ya kayar da yaro sai mun sayar da akuya?" Lokacin korona aka ƙara wata, wai cutar masu hawa jirgi ce, ina ruwan manomi. Ni ban ɗauki tambayar farko jahilci ba. Gaskiya ce tsantsa, sai dai ana yi wa wanda ba shi da amsarta. Yarinyar da ta rataya akwatin sanyi a kafaɗa ba ita ke rubuta kasafin kuɗi ba.

Shakkun nan yana da tushe. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a Asibitin Zana na Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Trovan maganin kashe ƙwayar cuta ne, ba rigakafi ba, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 Kano ta dakatar da ɗigon shan inna saboda zargin an gurɓata shi, ba a dawo da shi ba sai Yulin 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma samo shi daga Indonesiya. An samu amsa, amma kafin nan cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma yaran da ƙafafunsu suka shanye a wannan tsakanin su suka biya. Da aka koma aiki tare da sarakuna da malamai, a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna.

Rigakafin korona ya iso Nijeriya a Maris 2021, na AstraZeneca, kusan miliyan 4. A Disamba aka lalata sama da miliyan 1 a Abuja, domin an kawo su wa'adinsu na dab da ƙarewa. Lalatawar ita ce daidai, amma abin da ya isa kunnen mutanen karkara shi ne "ragowa ake turo mana". Abin da ya fi damuna shi ne yadda tsoron allurar manya ya shafi ta jarirai. Da mashaƙo ya ɓarke a ƙarshen 2022, Kano ce ta fi jin jiki, kuma akasarin waɗanda ya kama ba su samu cikakken rigakafi ba, alhali allurar da ke kare shi, penta, kyauta ce a mako na 6 da na 10 da na 14.

To, in kana shakka, akwai abubuwan da idonka zai iya tantancewa ba sai ka dogara da saƙon WhatsApp ba. Yawancin rigakafi ana ajiye su a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. A jikin firjin asibiti ya kamata a ga takardar da ake rubuta ma'aunin sanyi safe da yamma, har ranakun hutu. In ka ga kwana uku ba rubutu, ka tambaya. A jikin kwalbar rigakafin yara akwai ɗan da'ira mai duhu, da farin murabba'i a tsakiyarsa. Zafi ne ke sa murabba'in ya yi ta duhu. In ya yi daidai da launin da'irar ko ya fi shi, kwalbar ta tashi aiki ko da kwanan wa'adinta bai kai ba. Mutane da yawa ba su san cewa sanyi ma yana ɓata rigakafi ba: penta da allurar tetanus ta masu ciki in suka daskare sun rasa ƙarfi. Shi ya sa ma'aikacin da ya san aikinsa yake barin ƙanƙarar akwati ta fara narkewa, sai ya ji ruwa na motsi a ciki in ya girgiza, sannan ya jera kwalabe.

Rigakafin ƙyanda da BCG, wato na tarin fuka, gari ne, sai an dama da ruwansu na musamman, kuma bayan awa 6 dole a zubar da ragowar. Nan wata matsala take ɓuya. Kwalbar ƙyanda ta yara 10 ce, ta BCG kuma 20, sai ma'aikaci ya ƙi buɗewa don yaro ɗaya ko biyu saboda tsoron a tuhume shi da ɓarna. Uwa ta tako daga ƙauye goye da jariri, a ce mata "ki dawo wani makon". In aka yi mata haka sau biyu ba za ta sake dawowa ba, a takarda kuma sai a rubuta ta cikin masu ƙin rigakafi. Wannan ba ƙi ba ne, gajiya ce.

Ka kuma lura a yage sirinji sabo a gabanka, a rubuta kwanan wata a katin yaro. Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu da ɗan kumburi a wurin allura ba abin tashin hankali ba ne. BCG kan fito da ƙurji bayan 'yan makonni ya bar tabo a dantse, kada a matse shi, kada a shafa masa komai. Abin gudu shi ne sarƙewar numfashi, kumburin fuska ko suma cikin 'yan mintuna. Ba kasafai yake faruwa ba, amma saboda shi ake cewa a zauna minti 15 zuwa 30 bayan allura, kuma dole a samu allurar adirenalin a wurin. In wani abu ya faru, akwai fom da ake cikawa ya tafi wurin jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, tare da lambar rukunin kwalbar. Ku nace a cika shi. Labarin da ya tsaya a majalisar shayi ba ya kai ga bincike.

Sai batun akuyar nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga BHCPF, wato asusun kula da lafiya matakin farko, kuma tsarin shi ne asibiti ɗaya a kowace mazaɓa ya riƙa samun kuɗi kai tsaye a asusunsa, na magani da gyare-gyare da zirga-zirgar fita ƙauyuka. Kano na da mazaɓu 484, Jigawa 287. Kowace tana da kwamitin ci gaban mazaɓa, kuma shugabansa na sa hannu tare da inchajin asibitin kafin a fitar da kuɗin. Don haka kafin a kama hanyar Dutse ko Kano, a fara zama da wannan kwamiti: nawa ya shigo a wata ukun nan, me aka saya, ina rasit?

Abin da ya fi ƙarfin mazaɓa, kamar ɗaukar ungozoma ko sauya firji, na hukumar lafiya matakin farko ta jiha ne, kuma ɗan majalisar jiha ne hanyar ku. Takarda shafi ɗaya ta isa. Kada a rubuta "asibitinmu ya lalace, a taimaka mana". A rubuta: firjin sola ya tsaya tun watan kaza, ma'aikaci ɗaya ne ke duba ƙauyuka kaza, ba mai kwana da dare, babu abin gwajin zazzaɓi. Buƙata biyu ko uku, kar su wuce. Dagaci da liman da shugabar mata da na matasa su sa hannu ko su dangwala, kuma a tabbatar akwai mutanen jam'iyya fiye da ɗaya, domin in takarda ta zama ta ɓangare guda an gama da ita. A yi kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a dawo da ita gida, a kai wani kwafin ga kansila da ciyaman. Lokaci ma yana da muhimmanci. Gwamna kan kai kasafi majalisa a ƙarshen shekara, saboda haka takardar da ta isa a Agusta ko Satumba ce ke da damar shiga.

Inda ake faɗuwa sananne ne. Ana neman sabon gini, ɗan siyasa kuma yana son gini domin shi ake ɗauka a hoto, a ƙarshe a samu ɗaki mai sabon fenti ba ma'aikaci, awaki na kwana a baranda. Ko tawaga ta je, a ce "ranka ya daɗe" a karɓi kuɗin mota, bakin kowa ya mutu. Ko a ji an sa aiki a kasafi a ɗauka an gama. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja na ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, amma sawa a takarda daban, sakin kuɗi daban. Jihohi na wallafa rahoton yadda aka kashe kasafi duk wata uku a intanet. A sa wani ɗalibin garin ya sauko da shi ya duba layin aikinku. In wata uku ya wuce shiru, a ɗauki kwafin nan mai hatimi a kai gidan rediyo, a karanta kwanan watan da aka karɓe shi da sunan ofishin da ya karɓa.