Asabar a Ƙofar Ruwa, wajen neman injin zarto

Yau Asabar, tun da na idar da sallar asuba ban koma barci ba, domin na yi alkawari da tsohon maigidana, wanda a hannunsa na koyi riƙe zarto da guduma, cewa zai raka ni Ƙofar Ruwa mu duba injin da na daɗe ina tara wa kuɗi. Injin da nake nufi shi ne mai zarto kamar ɗamara, wanda ke zagaya wili biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, haƙoransa suna gangarowa ta tsakiyar teburi. Shagona tsohon garejin gida ne, kuma aikina bai wuce alluna da kujerun tsuguno da ƙananan kantoci ba. Abin da ke cinye mini lokaci shi ne lanƙwasar kan allo da ƙafafun kujera, waɗanda har jiya da ƙaramin zarton hannu nake fitar da su.

Tun a cikin adaidaita sahu Baba, wato maigidan nawa, ya tambaye ni ƙarfin janareton gidana, ban kuwa gane dalilin tambayar ba sai daga baya. Na ce masa kilowat biyu ne da ɗoriya. Ya gyaɗa kai, bai ƙara cewa komai ba.

Shagon farko sababbin kaya yake sayarwa. Yaron shagon ya fito mana da wani ɗan ƙarami mai wili inci 9, fentinsa yana ƙyalli, mutum ɗaya zai iya rungumarsa ya ɗora a kan benci. Ya burge ni, ba zan ɓoye ba, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfina ba. Sai dai da Baba ya ɗaga abin da ke riƙe zarton har ƙarshe ya sa awo, kaurin katakon da zai iya shiga bai kai inci 4 ba, teburin kuma na alminiyon ne marar nauyi, wanda ya motsa da aka danna gefensa da tafin hannu. Irin wannan zai yanka falankin afara ko malaina ba tare da gardama ba, amma ranar da na kawo masa guntun maɗaci ko ƙirya, zarton zai riƙa karkacewa yana ƙona itacen. A shago na gaba an nuna mana wani dogo fari tas, sai da muka matsa kusa muka ga ashe na masu yanka daskararren kifi ne da ƙashi. Muka yi dariya muka wuce.

Wanda ya tafi da hankalina yana can cikin layin masu kayan hannu: ƙaton inji ne da ya fito daga wata masana'anta, ya fi ni tsayi, wilinsa kamar na amalanke. Na fara lissafin inda zan ajiye shi, sai Baba ya goge allon ƙarfen da ke jikin motar lantarkin da ke juya injin da gefen rigarsa ya ce, "Karanta mini nan, ɗana." Wuta mai layi uku yake buƙata, gidana kuwa layi ɗaya ne. Kusa da shi akwai wani mai wili inci 14 da aka shigo da shi daga Amurka, lafiyayye, amma an rubuta masa volt 115 da 60Hz, wato bugun wuta sau 60 a daƙiƙa, alhali wutarmu volt 230 ce a kan 50Hz. Mai kayan ya ce taransifoma za ta gyara komai. Za ta rage ƙarfin wutar, gaskiya ne, amma ba ta canza bugunta, saboda haka motar za ta riƙa juyawa da kashi biyar cikin shida na gudun da aka ƙera ta da shi, ga kuma kuɗin taransifomar a kaina. A nan ne na fahimci tambayar da aka yi mini a hanya. Mota mai ƙarfin doki ɗaya wat 746 ce a lissafi, amma a daidai lokacin tashi takan ja ninkin hakan sau da yawa, don haka duk wadda ta wuce wannan sosai za ta durƙusar da janareto irin nawa.

Bayan azahar muka samu wanda ya dace. Shi ma inci 14 ne, tsoho, jikinsa da teburinsa duk ƙarfen zubi, motarsa ta volt 230 mai doki ɗaya. Tsakanin zarto da ginshiƙi akwai kusan inci 13 da rabi, kauri kuwa yana ɗaukar inci 6. Baba bai yarda a kunna shi ba sai da ya buɗe murfin sama da na ƙasa, ya juya wilin da hannu a hankali yana kallon ko zarton zai zauna a tsakiya, ya kuma jijjiga shi gefe da gefe don ya ji ko boris ya ci. Robar da ke kan wilin ƙasa ta tsattsage saboda zafi, sai an sake ta. Ya zaro takardar naira daga aljihu ya zura tsakanin zarton da ƙananan tubalan da ke dafe da shi hagu da dama, ya ce ratar da ake so ke nan, kada ta fi haka. Da aka tayar da injin ya tsayar da tsohon kwabo a kan teburin, kwabon ya yi ta 'yar rawa amma bai faɗi ba.

Mun fi daɗewa a kan maganar zarton kansa, domin shi ne abin da ke ƙarewa. Tsawonsa a irin wannan inji inci 93 da rabi ne, kuma mai kayan ya nuna mana wanda ke yanko shi daga naɗi ya haɗa bakin da walda, abin da ya kwantar mini da hankali fiye da komai. Zan sayi guda biyu: siriri mai faɗin kwatan inci da haƙora shida a kowane inci don lanƙwasa, da mai rabin inci da haƙora uku don tsaga katako mai kauri. Ƙa'idar da Baba ya maimaita mini ita ce kada haƙoran da ke cikin itace a lokaci guda su gaza uku.

Ciniki ya ɗauki lokaci. Sau uku mai kayan yana cewa albarka, mu ma har mun juya za mu tafi, kafin ya sallama bisa sharaɗin shi zai sake robar. Na ba da kafin alƙalami, Litinin zan cika sauran in ɗauko shi a kurkura.

Da na dawo gida, uwargida ba ta tambayi kuɗin ba, ƙurar katako da yatsun yara ta tambaya. Bayan isha'i na auna wurin da zai zauna kusa da taga, na ga sai na matsar da bencin aiki wajen taku biyu, gobe kuma zan sa wa ƙofar garejin kwaɗo.