Kwana uku a Miango, da inda na sauka a hanyar dawowa

Ƙarfe shida da 'yan mintoci na isa tashar Unguwa Uku, sanyin farkon Disamba yana ratsa ƙashi, jaka ɗaya ce a kafaɗata, kaya kala biyu, rigar sanyi, Littafi Mai Tsarki na Hausa da wani sabon littafin rubutu irin na 'yan firamare. Na ce wa maiɗakina zan je gidan hutu na Miango, kusa da Jos, in yi addu'a kwana uku, ta ɗan dube ni ta ce Allah ya kiyaye hanya, ba ta tambaye ni komai ba, kuma ina ji a jikina ta san abin da ya tayar da ni.

Bari in faɗi abin. Ni dattijo ne a ikilisiyarmu a nan Kano, shekara takwas kenan, in miji da mata sun samu saɓani ni ake kira, in matasa sun yi rigima kan kuɗin baiko ni ake kira, har wasu na ce min Malam Mai Haƙuri, kullum da asuba ina saka aya a Facebook mutane su yi ta amin amin. To wata Lahadi muna dawowa daga sujada 'yata mai shekara tara ta ce min, Baba me ya sa muryarka ta coci daban take da ta gida? Ba da rashin kunya ta faɗa ba, tambaya ce kawai ta yaro, amma maganar ta zauna min a ƙirji kamar na haɗiye tsakuwa. Sati biyu bayan nan aka yi Jibin Ubangiji, ina riƙe da tiren ƙananan kofuna zan zagaya da shi, Fasto ya karanta 1 Korintiyawa 11:28 inda aka ce kowa ya auna kansa tukuna kafin ya ci gurasar ya sha ƙoƙon, ayar da na ji sau ba adadi, sai ga hannuna yana rawa har kofunan suna ƙara.

Na je wurin wani tsohon Rabaran da ya yi ritaya, wanda ya yi min baftisma tun ina saurayi. Ban gaya masa komai ba, na dai ce na gaji. Ya ce ɗana, tafi wani wuri da ba wanda ya san ka, ka kashe waya, ka sayi littafin rubutu, ka rubuta duk sunayen da mutane suke kiran ka da su, kowane suna shafinsa daban, a ƙarƙashi ka rubuta abin da sunan yake rufewa. Ya ce kar ka je ka yi wa Allah wa'azi, ya riga ya san ayoyin.

Sharon ɗinmu ta cika wajen bakwai da rabi. Muka bi hanyar Zariya zuwa Kwanar Dangora muka karya hagu muka nufi Tudun Wada, kuma nan ne tafiyar ta fara yi min nauyi, domin ƙauyenmu yana wannan yankin, akwai wata 'yar mahaɗa da 'yan acaɓa suke tsayawa ƙarƙashin bishiyar ɗorawa, daga nan hanyar ƙasa ce har gida. Shekara shida rabona da bin ta. Da muka zo daidai wurin na sunkuyar da kai kamar ina neman wani abu a jaka, don kar wani ɗan acaɓa ya gane ni ta taga. Mutumin da yake sasanta gidajen mutane kenan.

Dajin Falgore kowa ya yi tsit a mota kamar yadda aka saba, wata Hajiya a bayana tana jan carbi a hankali, ni ma ina tawa addu'ar a zuci, sojoji suka leƙo a shinge suka ce mu wuce. A Saminaka muka tsaya direba ya sha mai, ko'ina buhunan masara ne an jibge a bakin titi ana lodi, na sayi ƙosai da dafaffen ƙwai na kasa ci. Daga Jengre ƙasa ta fara tashi, duwatsu manya manya an ɗora wani kan wani kamar da hannu aka jera, iska ta canja, kunne ya ɗan toshe, Jos fa ta kai mita 1,200 a sama da teku. Farin Gada, sannan keke zuwa inda ake samun motar Miango, muka bi ta gefen gidan namun daji muka fita gari. Da la'asar na isa.

Miango ƙasar Irigwe ce a ƙaramar hukumar Bassa, gonaki da shingen kerana, an gama yankan acca, mata suna tafe da itace a kafaɗa. Mutanen nan sun sha wahalar hare-hare a shekarun nan, kana gani a fuskar direba in ya nuna maka wani ƙauye ya yi shiru, duk da haka gaisuwarsu da fara'a. Gidan hutun kuwa 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) ne suka kafa shi fiye da shekara ɗari da suka wuce don ma'aikatansu su riƙa hawowa suna hutawa daga zafin ƙasa, ƙananan ɗakuna ne na dutse a cikin dogayen itatuwan turare, kusa da shi akwai makarantar Kent Academy wadda aka sa wa sunan Thomas Kent, ɗaya daga cikin samari uku da suka sauka Legas a 1893 da niyyar kawo bishara cikin ƙasar nan. Kent ya mutu a Bida a 1894, Walter Gowans ya mutu a Girku a shekarar, Rowland Bingham kaɗai ya koma da rai, daga wannan aikin ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Mun sha jin tarihin a makon mishan, amma jin sa a coci daban, tsayawa a wurin daban.

Daren farko ban yi komai ba. Na kashe waya na sa a ƙasan jaka, bayan minti ashirin hannuna ya je nemanta da kansa, sau huɗu haka, sai a lokacin na gane ba labari nake nema a cikinta ba, amin ɗin mutane nake nema. Shiru ya yi min yawa, sanyi kuma ga shi, na ƙudundune cikin bargo biyu ina jin iska a itatuwa har barci ya ɗauke ni.

Da safe bayan shayi na buɗe littafin. Shafi na ɗaya, Dattijo. Na biyu, Mai Haƙuri. Na uku, Babban Yaya. Na huɗu, Mai Gida. Rubuta sunayen ba wuya, abin da ke ƙasa ne aikin. A ƙarƙashin Mai Haƙuri na daɗe biro yana sama kafin in rubuta cewa ba haƙuri nake yi ba, ajiya nake yi, duk wanda ya ɓata min ina da lissafinsa da kwanan wata a zuciya, in na dawo gida kuma sai in sauke a kan matata da yara da tsawa kan abin da bai kai ya kawo ba, gishiri ya yi yawa, takalmi a bakin ƙofa. Ga muryar gida da yarinyar take nufi. Shafin Babban Yaya kuwa na tsallake shi na fita yawo.

Ƙafata ta kai ni maƙabartar 'yan mishan da ke nan cikin harabar. Na bi layi layi ina karanta duwatsun, suna, shekarar haihuwa, shekarar mutuwa, wani da 'yar aya a ƙasa, kuma da yawa ƙananan kaburbura ne na yara, wani bai cika shekara ba. Na tsuguna gaban ɗaya na share busassun ganye da hannu. Ban san iyayen yaron ba, ban san ko mutanen kirki ne a gida ko masu tsawa ne irina ba, abin da ya rage a dutsen sunan da aka raɗa masa ne kawai, ba a rubuta abin da jama'a suke ce da kowa ba. Na zauna a ƙasa nan wajen awa ɗaya.

Da dare na buɗe Littafin Farawa, ba da shiri ba, karatuna na shekara ne ya tsaya a can tun tuni. Sura 27, Yakubu ya sa rigar wansa Isuwa, uwarsa ta ɗaura masa fatar 'yan awaki a hannu da wuya, ya shiga wurin tsohon ubansa Ishaku da ido ya mutu, uban ya tambaye shi wane ne, ya ce shi ne Isuwa. Ishaku ya shafa shi ya ce murya ta Yakubu ce amma hannuwa na Isuwa ne. Da na zo kan maganar murya na ajiye littafin na fita waje cikin sanyi, na dawo na ci gaba. Shekara ashirin mutumin nan ya yi a gidan kawunsa Laban, ya tara mata da 'ya'ya da garkuna, sai a sura 32 a mashigin Yabbok, bayan ya haye da kowa da komai ya rage shi kaɗai cikin dare, wanda ya yi kokawa da shi har asuba ya sake yi masa tambayar nan dai, mene ne sunanka. Wannan karon ya ce Yakubu. Sai bayan ya faɗi sunansa na gaskiya aka ba shi sabo, kuma ya tashi daga wurin yana ɗingishi. Na sha koyar da wannan a makarantar Lahadi, ban taɓa lura cewa Allah bai sa wa rigar aro albarka a daren nan ba, sai da mai rigar ya tuɓe. Zanen aro dai ba ya rufe katara, mun sani, amma ni shekara shida ina ja ina gyarawa.

Na buɗe shafi na uku na rubuta. Da Babanmu yake jinya na sayar da fadamarsa, na ce wa dangi kuɗin duk ya tafi a asibiti. Bai kai rabi ba abin da ya tafi asibiti, sauran na haɗa na sayi fili a Kano. Ƙanena ya gano bayan rasuwa, ya same ni mu biyu ya ce Yaya ka ci amana, ni kuma na tara kawunnai da gwaggonni na ce yaro ya zage ni a makokin ubanmu, aka taru a kansa, aka sa shi ya durƙusa ya ba ni haƙuri a gaban jama'a, na ce na yafe. Na ce na yafe! Rubuta wannan layin ya fi komai yi min ciwo, na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar jana'izar. Shekara shida ina gaya wa kaina shi ne ya yanke zumunci. 1 Yohanna 2:9 ta ce wanda ya ce yana cikin haske alhali yana ƙin ɗan'uwansa har yanzu a duhu yake, da na ɗauka ƙiyayya sai ka ji zafin mutum, ashe har da ka bar shi ya ɗauki laifinka a ka yana yawo da shi a garinsu.

Rana ta uku na shiga ɗakin sujada ba kowa, na durƙusa na karanta shafukan huɗu da ƙarfi yadda kunnena zai ji, ban yi amfani da muryar coci ba, ban ce idan na yi kuskure ba, na ce na yi sata na yi ƙarya na sa an wulaƙanta marar laifi. Ban ga wahayi ba, ban ji wata murya ba. Abin da na ji shi ne Yesu bai matsa daga wurin ba, kuma tsoron da nake ɗauke da shi cewa in aka san ni za a watsar da ni, a gabansa dai bai tabbata ba. Na ci tuwo sosai a daren.

Da safe na biya kuɗin mota har Kano. Jengre, Saminaka, Falgore, muna fitowa daji cikina ya fara juyawa, na yi ta ce wa kaina in bari sai bayan Kirsimeti, in fara shirya kuɗin tukuna, in kira waya tukuna. Da na hango ɗorawar na ce direba akwai sauka. Ya ce Malam ai Kano ka biya, na ce na sani.

Ɗan acaɓan ya gane ni tun kafin in yi magana, ya ce a'a, Yaya, yau kai ne a gari? Matar ƙanena ta shimfiɗa min tabarma ta kawo ruwa a kwanon sha, ta durƙusa ta gaishe ni, yaransu biyu na leƙe daga bayan rumbu, ƙaramin ban taɓa ganinsa ba. Shi yana gona suna ɗaurin dawa, sai gab da magariba ya shigo, ƙura har gira. Ya ce Yaya sannu da zuwa, idonsa a ƙasa. Na ce zauna, na faɗa masa duka, da adadin kuɗin, na ce zan faɗa a gaban kawunnan da na tara, kuma filin Kano zan sa shi a kasuwa. Isuwa da gudu ya taryi Yakubu ya rungume shi, nawa ƙanen bai motsa ba, yana ta murza wani karan dawa a hannu har ya farfashe. Can ya ce Kawu babba ya rasu bara, da shi aka durƙusar da ni. Na ce na ji labari, ban zo ba. Ya yi shiru, sannan ya juya ya ce wa matarsa a gyara wa Yaya ɗakin Baba, a kawo tuwo.

A kwano ɗaya muka ci, miyar kuka ce, ba wanda ya ƙara cewa komai. Da safe ya aika babban yaronsa ya kira sauran kawunnan.