Kafin ka ce wa Alhaji "ina ɗan taɓa kasuwanci"

Da yawa daga cikinmu da muka taso a kasuwannin Jega, Argungu da Birnin Kebbi mun yi asarar ciniki da jimla ɗaya: "Ina ɗan taɓa kasuwanci." Babban ɗan kasuwa ya tambaye ka sana'arka, kunya ta sa ka ba shi wannan amsa, shi kuma ya ce "Allah ya sa albarka" ya juya ga wani, domin ba ka ba shi abin da zai riƙe ba. Ƙannena, ba na so ku ɓata shekarun da muka ɓata kafin mu gane haka.

Gaisuwa ce farko, kuma ba a yi mata gaggawa. Yi sallama, ka rusuna idan ya girme ka, ka tambayi iyali da kasuwa, ka bari shi ya miƙo hannu. Bayan nan sai asali. A nan ƙasar mutum yana so ya san a hannun wa ka taso kafin ya ji kayanka, saboda idan magana ta lalace ya san ƙofar da zai buga. Amma kada ka ambaci sunan maigidanka ko wani dattijo sai ka nemi izininsa, domin za a kira shi a tambaya, kuma idan ya ce bai san da zancen ba, ka rufe ƙofa biyu a rana ɗaya.

Sai bayanin sana'ar, inda aka fi yin ɓarna. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015, masu cewa "ina harkar shinkafa" suka yi yawa har maganar ta daina nuna komai. Manomi ne kai, ko mai tara shanshera (shinkafar da ba a casa ba) daga ƙauyuka, ko mai yin gumi, ko mai inji, ko ɗan sari? Kowanne da irin wanda ke nemansa. Ga yadda ya kamata ta fito:

"Ranka ya daɗe, sunana wane, yaron Alhaji wane ne na kasuwar Jega. Shanshera nake tarawa daga manoman Suru da Bunza. Da kaka ina iya haɗa buhu 200 a mako, busasshiya, in kawo har Birnin Kebbi."

Daga nan ka yi shiru. Ka faɗi kayan, inda suke fitowa, yawansu, lokacinsu da inda kake iya kaiwa, duk cikin abin da bai kai rabin minti ba. Idan yana da bukata, shi zai yi tambaya, kuma tambayarsa ce za ta nuna maka abin da ya dame shi.

Adadin da za ka faɗa shi ne wanda kake iya cikawa a makon da abubuwa suka yi wuya. Matasa na son su ce "ko tirela nawa kake so." Tirela ɗaya ta gyararriyar shinkafa tan 30 ce, wato buhu 600 masu kilo 50. Wanda ka faɗa wa haka ya san lissafin, kuma da ya dube ka ya san ko jarinka ya kai. Idan ya gwada ka ka kasa, labarin zai riga ka isa wurin abokansa. Haka kalmar "busasshiya": manyan injinan casa suna auna danshi, kuma abin da ake so kusan kashi 14 ne cikin ɗari. Idan ya haura, za a rage maka kuɗi ko a dawo da kaya. Mai albasar Aliero shi ma ya faɗi gaskiya, sabuwar cira ce ko ta ajiya, domin tafiyar Legas ko Fatakwal ba ta ɓoye ruɓa. In aka zo kan farashi, bayyana ko da lodi da kuɗin mota a ciki. Rigingimu da yawa daga wannan gurbin suke tasowa.

Sana'a ɗaya za ka ambata. Ko kana sayar da katin waya, kana kiwon kaji, kana dillancin fili, zaɓi wadda ta shafi mutumin da ke gabanka. Mai jero sana'o'i biyar, ba a tuna shi da ko ɗaya. Ke ma ƙanwata mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, idan kin samu Hajiya mai kanti a wurin biki, ce mata galan nawa kike yi a mako, ki miƙa ɗan samfur a kwalba mai tsabta da lambarki a jiki. Idan ba ki da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, faɗa mata tun farko, kada sai kaya sun hau kanta a gano.

Wuri ma yana da hukuncinsa. Ɗaurin aure, taron ƙungiyar manoma da baje kolin amfanin gona na bikin kamun kifi na Argungu duk wuraren haɗuwa ne. Zaman makoki ba wurin talla ba ne, ko da wanda ka daɗe kana nema ne ke zaune kusa da kai. Cikin masallaci kuwa ba a ciniki, jira a fito. A baƙuwar kasuwa, nemi sarkin kasuwa ko dillalin layin ka gabatar da kanka gare su tukuna, ka kuma amince da la'adarsu, don da ɗan gari akan ci gari.

Abin da na fi ja muku kunne a kai shi ne roƙon jari a haɗuwar farko. Attajiri yana jin wannan roƙo kullum, kuma da zarar ka yi shi ka fita daga sahun abokan ciniki. Nemi ƙaramin abu da zai iya amsawa nan take: izinin kawo samfur, ko sunan yaronsa mai karɓar kaya.

Idan ya ba ka lamba, kada ka yi masa filashin. Tura saƙon murya ta WhatsApp a ranar, wanda bai wuce minti ɗaya ba: sallama, sunanka, inda kuka haɗu, kayanka, sai hoton kayan na gaske da ka ɗauka da wayarka. Sunan da ke kan WhatsApp ɗinka ya zama sunanka na yanka ko na kasuwancinka, kuma ya dace da na asusun bankin da za ka bayar. Mutum yakan janye idan ya zo tura kafin alƙalami ya ga wani suna daban ya fito. Wanda ke son hulɗa da kamfanoni ya yi rajistar sunan kasuwanci da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya buɗe asusu da wannan sunan. Idan Alhaji ya ce "zan neme ka" kuma ya yi shiru, bari mako ya zagayo, sannan ka sake tuntuɓarsa ranar da kaya ke ƙasa, ka faɗa masa buhu nawa ne da farashin ranar.